Kwalabe bakwai a kan teburin Mama: bitamin da maganin ganye suna aiki kuwa?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema, abin ya kwana biyu yana cin raina. Jiya na je duba mahaifiyarmu sai na tarar da kwalabe bakwai jere a kan teburinta, na zauna na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, akwai bitamin C, akwai E, akwai wanda aka haɗa komai da komai a ƙwaya ɗaya, ga man kifi, ga sirof na ƙarin jini, ga wani wai na gashi da farce, sannan wani ruwan magani baƙi ƙirin na ganyayyaki wanda ba a rubuta abin da ke ciki ba sai jerin cututtukan da yake warkarwa, na ƙirga goma sha biyar. Yayanmu ne ke saya mata kuma wallahi don so yake yi. Ita kuma tana da ciwon suga, shekara tara kenan tana shan metformin, kuma duk da kwalaben nan kullum kukanta ƙafafu, wai kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafarta, ga kasala ba ta iya komai. To abubuwan nan suna aiki kuwa ko kuɗi kawai ake zubarwa? Kuma ba za su cutar da ita ba? Ina tsoron in kwashe su a ce na hana ta samun lafiya.

Baban Yara:
Wa alaikumus salam. Hajiya ki bar mata kayanta don Allah. Kafin a gina asibiti ko ɗaya a duniya da ganye da saiwa da ɓawo mutane suka rayu har suka haife mu. Abin da ya tsiro daga ƙasa idan bai yi magani ba to ba zai yi illa ba, maganin asibiti ne kana shan na ciwon kai yana taɓa maka ciki.

Anti Nas:
Allah ya ba Mama lafiya. Ƙanwata kafin mu shiga dogon zance, abu ɗaya ya tsaya min a rai, wato shekara tara a kan metformin da kuma ƙafafun nan. Metformin magani ne mai kyau ƙwarai kar a daina, amma sanannen abu ne cewa idan an daɗe ana shan sa yana rage yadda hanji ke tsotsar bitamin B12, kuma ƙarancin B12 yana kawo daidai abin da kika faɗa, sagewar ƙafa da hannu, kasala, wani lokaci har mantuwa. Shi ma ciwon sugan da kansa yana taɓa jijiyoyin ƙafa, to ba a iya rarrabewa da ido sai da gwajin jini. Ɗan B12 da ke cikin ƙwayar komai-da-komai ba lallai ya isa ba idan hanjin ne ba ya tsotsa. Kuma ki duba bayan kwalbar ƙarin jinin nan, idan akwai folik asid, wani nau'in bitamin B, a ciki yana iya gyara ƙarancin jinin a ga kamar komai lafiya alhali jijiyoyi na ci gaba da lalacewa a ɓoye. Ruwa ba ya tsami banza, a kai ta a gwada.

Baban Yara kuma da girmanka, maganar cewa abin da ya tsiro ba ya illa ban yarda da ita ba. Taba ganye ce. Da yawa daga cikin gubobi masu kisa daga tsiro ake samun su.

Baban Yara:
Anti ai ni ba taba nake nufi ba, magani nake nufi wanda masana suka sani tun kaka da kakanni.

Ɗalibin Haɗa Magani:
Baba wallahi rabin maganarka gaskiya ce kuma mu da muke karanta wannan fannin mun fi kowa girmama ganye, don da yawa daga magungunan da ke kemis asalinsu tsiro ne. Kwinin na zazzaɓin cizon sauro daga ɓawon bishiyar sinkona ta Kudancin Amurka aka ciro shi a 1820 a Faransa. Asfirin da kamfanin Bayer ya haɗa a 1897 tushensa wani sinadari ne da ake samu a ɓawon bishiya. Shi kansa metformin ɗin da Mama ke sha, asalin tunaninsa daga wani tsiro ne na Turai da aka daɗe ana ba masu yawan fitsari da ƙishirwa.

Amma wanda ya fi burge ni shi ne labarin Tu Youyou, wata mata 'yar ƙasar Sin. Ita da abokan aikinta sun tattara haɗe-haɗen maganin gargajiya sama da 2,000 suna neman maganin maleriya, suka zo kan wani ganye ɗan uwan tazargade, a gwaji wani lokaci ya yi aiki wani lokaci ya ƙi, abin ya ɗaure musu kai, sai ta koma wani tsohon rubutu na ƙarni na 4 ta ga an ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse a sha, ba a ce a tafasa ba, nan ta gane zafi ne ke lalata sinadarin. Ta canza hanyar tatsa zuwa mara zafi, a 1972 aka ware artemisinin, wanda shi ne ƙashin bayan maganin maleriya na yau, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. To ka ga ganyen gaskiya ne, tsoffin ma sun yi gaskiya, amma sai da aka auna aka san nawa ne ke kashe ƙwayar cutar. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan a dafa ganyen a sha a matsayin maganin maleriya, don yawan sinadarin ya bambanta daga wannan ganye zuwa wancan, ka sha kaɗan zazzaɓi ya lafa cutar ba ta mutu ba, kuma haka ƙwayar ke koyon jure magani.

Mai Kayan Ƙarin Lafiya:
Ni dai ba zan ɓoye ba sana'ata ce sayar da irin kayan nan, shekara shida ina yi, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba mutum ya dawo yana min godiya yana cewa ƙarfinsa ya dawo, barci ya daidaita, mura ta daina kama shi. Duk waɗannan ƙarya suke yi? Kuma kayana ba na kan titi ba ne, daga Amurka suke zuwa da hatiminsu. Ku masu boko komai sai ku ce sai bincike, gani ai ya kori ji.

Ɗalibin Haɗa Magani:
Yallaɓai ba wanda ya ce ƙarya suke yi, abin da suka ji a jikinsu suka faɗa. Matsalar ita ce mura da kanta take tafiya cikin kamar mako guda, kasala tana zuwa tana tafiya, kuma mutum yakan sayi magani ne ranar da abin ya fi tsanani, to duk abin da ya sha a ranar shi zai samu yabo idan sauƙi ya zo. Sannan wanda ya sha bai ga komai ba ba ya dawowa ya gaya maka, kawai ba ka sake ganin sa. Shi ya sa ake raba mutane gida biyu, a ba waɗannan na gaske a ba waɗancan ƙwaya mai kama da ita wadda babu komai a ciki, ba mai sha ba mai bayarwa ba wanda ya san wanne ne wanne, sai a ƙarshe a ƙirga.

Kuma an yi hakan da bitamin, ba kaɗan ba. A Finland an ɗauki maza masu shan taba sama da 29,000 aka ba wasu beta-karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, da fatan zai kare su daga kansar huhu, da sakamako ya fito a 1994 sai aka ga kansar huhun ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a wajen masu shan sa. Wani irinsa a Amurka dakatar da shi aka yi a 1996 kafin lokaci saboda wannan dalilin. Bitamin E da ke kan teburin Mama, an gwada shi a kan maza sama da 35,000, a 2011 aka bayyana cewa kansar furostet, wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ta ƙaru da kashi 17 a wajen masu sha. Bitamin D kuma an gwada shi a kan mutane kusan 26,000 na kimanin shekara biyar, mutanen da ba don suna da ƙarancinsa aka zaɓe su ba, a 2018 aka ga bai rage kansa ko ciwon zuciya ba.

Don in yi adalci, akwai wanda aka yi a kan likitoci maza sama da 14,000 da ƙwayar komai-da-komai, a 2012 aka ga kansa ta ragu kaɗan, kashi 8, amma zuciya babu bambanci. Bitamin C kuma idan ana shan sa kullum yana ɗan rage tsawon mura kaɗan amma ba ya hana yawancin mutane kamuwa.

Maganar hatimin Amurka kuma, dokarsu ta 1994 ta sa irin kayan nan a sahun abinci, ba a sahun magani ba, kamfani ba ya buƙatar ya nuna wa FDA, hukumarsu ta kula da abinci da magunguna, cewa abin yana aiki kafin ya fara sayarwa. Ka duba bayan kwalbar da ke da'awar tana ƙarfafa wani abu a jiki, za ka ga ƙaramin rubutu yana cewa ba a yi shi don warkar da wata cuta ba.

Mai Kayan Ƙarin Lafiya:
Na duba, akwai rubutun. Amma ai ba ka ce duka ba su da amfani ba ko?

Amarya:
Yanzu kun ruɗa ni wallahi, ina da ciki wata biyu an ba ni ƙwayoyi biyu a awo, jar nan da ƙaramar rawaya, jar tana sa min tashin zuciya da taurin bayan gida har na fara tunanin ajiyewa, yanzu kuma ga shi ana cewa bitamin na kawo kansa.

Anti Nas:
A'a a'a ƙanwata kar ki ajiye, don Allah kar ki ajiye. Wannan ne abin da nake tsoro duk lokacin da aka yi irin wannan muhawarar, a tashi daga wannan gefe a faɗa wancan. Naki daban ne gaba ɗaya. Ƙaramar nan folik asid ce, lakar bayan jariri da ƙwaƙwalwarsa suna rufewa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da ciki ba, shi ya sa ake so mace ta fara tun tana shirin ɗauka, maikirogiram 400 a rana, kuma a ci gaba da shan ta. Wani babban gwaji da aka fitar a 1991 ya nuna tana rage sake haihuwar yaro mai buɗaɗɗen baya da kusan kashi 70 a wajen matan da suka taɓa haifar irinsa. Na taɓa riƙe jariri mai wannan lalurar a hannuna, wani ƙullutu a gadon baya kamar an ɗora masa ƙwai, ƙafafunsa ba sa motsi, uwar tana kallona tana tambaya me ta yi ba daidai ba, har yau ban manta fuskarta ba.

Jar kuma ayon ce, wato sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, jinin mai ciki yana ƙaruwa sosai kuma za a zubar da wani a haihuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce miligiram 30 zuwa 60 a rana. Idan tana damun ki ki gwada sha da dare ko bayan kin ɗan ci wani abu, kar ki haɗa ta da shayi ko madara a lokaci ɗaya don suna hana ta shiga jiki, ki yawaita ruwa, bayan gida zai yi baƙi wannan ba komai, idan abin ya ƙi ki faɗa musu a awo akwai yadda za su canza miki. Abu biyu kawai, ki ɓoye ta inda yara ba za su kai ba don yaro ya haɗiyi da yawa tana iya kashe shi, kuma kar ki ƙara wani bitamin A mai ƙarfi da kanki don yawansa yana nakasa ɗan tayi.

Haka ɗigon bitamin A da ake ba yara daga wata 6 zuwa shekara 5 a inda ake da ƙarancinsa, da zink da ake haɗawa da ruwan gishiri da suga idan yaro na gudawa, kwana 10 zuwa 14, da sinadarin aidin da ake sa wa gishiri don hana maƙoƙo, duk waɗannan sun ceci rayuka ba adadi. Bitamin yana aiki sosai a jikin da ya rasa shi. Jikin da ya ƙoshi ne ba ya ƙaruwa da komai, B da C yawanci fitsari ke tafiya da rarar su, shi ya sa za ki ga fitsari ya yi rawaya shar bayan an sha, amma A da D suna taruwa a jiki har su zama matsala.

Amarya:
Na gode Anti, Allah ya saka da alheri, yau da dare zan ci gaba.

Dattijo:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. 'Yata Maman Biyu, ni baƙar kwalbar nan ce ta fi tayar min da hankali fiye da sauran shidan. Shekara huɗu da suka wuce gwiwoyina sun hana ni sukuni, wani abokin arziki ya kawo min wani ruwan magani irin wannan, ya ce ganye ne zalla. Kwana uku da fara sha na miƙe kamar ba ni ba, na hau bene ba tare da na dafa bango ba, na riƙa yi wa mutane tallarsa kyauta, mutum biyar na sa suka saya kuma wannan shi ne abin da ya fi damuna har yanzu. Bayan wata biyar fuskata ta cika ta yi zagaye, mutane na ce min na yi kyau na samu hutu, fatar hannuna ta yi laushi ko ɗan bugu sai ta yi tabo, ƙishirwa da fitsari dare da rana. Da aka gwada suga ya hau, ni da ban taɓa ciwon suga ba. Likitan yana kallon fuskata ya ce Baba me kake sha, na ce ganye ne kawai, ya ce kawo kwalbar. Sitiroid aka zuba a ciki, wani maganin asibiti mai ƙarfi na rage kumburi da ciwo. Kuma ya hana ni dainawa rana ɗaya, ya ce jiki ya saba har ya rage yin nasa, idan na yanke kai tsaye zan iya faɗuwa, sai da aka yi watanni ana janye ni a hankali.

Ban ce na Mamanku haka yake ba, Allah ne masani. Amma mai ciwon suga da kwalbar da ba a san cikinta ba, a tafi da ita wajen likita da kwalbar a hannu.

Ɗalibin Haɗa Magani:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Abin da ya same ka sananne ne, hukumomi a ƙasashe da dama sun sha kama sitiroid a na ciwon gaɓoɓi, da sildenafil a na ƙarfin maza, da sibutramine a na rage ƙiba wanda aka janye daga kasuwa tun 2010 saboda haɗarin zuciya. Kuma ko ba algus ganyen kansa na iya zama guba, a Beljiyam farkon shekarun 1990 mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace bayan shan haɗin rage ƙiba da aka saka wani tsiro mai suna Aristolochia bisa kuskure a madadin wani mai kama da sunansa, wasu sai wankin ƙoda ko dashe, wasu daga baya kansar hanyar fitsari ta biyo. Akwai kuma wani ganye mai suna St John's wort da ake sha don damuwa, yana sa hanta ta yi saurin narkar da wasu magunguna, ƙwayar tazarar haihuwa da warfarin na hana jini daskarewa da wasu magungunan HIV su rage ƙarfi mutum bai sani ba.

Baban Yara:
To naji duk wannan kuma Baba Allah ya kiyaye gaba. Amma ku ma ku faɗi gaskiya, me ke kai mutane wajen mai ganye? Ka wuni a layi likita ya ba ka minti uku bai ko ɗago kai ya kalle ka ba, shi kuwa mai ganye zai zaunar da kai ya saurare ka har ka gama. Kuma na ga wanda maganin asibiti ya kumbura masa jiki ya sale masa fata, wannan ba ku faɗa ba.

Anti Nas:
Wannan kam ka faɗi gaskiya kuma ta yi min zafi don mu ma'aikatan asibiti ake nufi. Muna da laifi wajen rashin sauraro, kuma idan mara lafiya ya ce yana shan na gargajiya wasunmu faɗa suke yi masa, gobe sai ya ɓoye, ɓoyewar kuma ita ke kashewa. Maganin asibiti ma yana da illa sosai, sai dai an rubuta ta a takardar da ke cikin kwali, an san adadin da ke kawo ta, an san abin da za a yi idan ta faru. Ni burina ganyen da ke aiki a gwada shi a auna shi a rubuta nasa haka.

Maman Biyu na manta, na gashi da farcen nan yawanci wani bitamin ne mai suna biotin mai yawa a ciki, yana rikita sakamakon wasu gwaje-gwajen jini kamar na ciwon maƙoƙo da na zuciya, ki gaya musu tana sha kafin a ɗebi jinin.

Maman Biyu:
Salam 'yan uwa, na dawo da bayani bayan kwana goma. Na zuba kwalaben duka a leda muka tafi da su, na jera wa likita a kan tebur. An gwada, B12 ɗinta ya yi ƙasa sosai, an fara yi mata allura kuma ya ce ƙafafun za su ɗauki lokaci, ba lallai su dawo gaba ɗaya ba tunda an daɗe, wannan maganar ta sa ni kuka a mota don shekara guda kenan tana faɗa muna ƙara mata kwalba. Ƙoda lafiya alhamdulillah amma sugan ya hau fiye da da. Ya ce a ajiye E da C da na gashin, sirof ɗin ƙarin jinin ma ashe suga ne cike a ciki. Baƙar kwalbar kuma wata huɗu take sha, ya riƙe ta ya ce mu dawo da sassafe a sake ɗibar jini kafin ya faɗi yadda za a raba ta da ita. Yaya ya ji ba daɗi da farko, ya yi shiru a waya har na zaci ta katse, daga baya ya ce shi zai riƙa kai ta allurar.

Baban Yara:
Allah ya ba ta lafiya ya sa kaffara ne. Ni har yanzu ina kan bakana cewa akwai waraka a ganye. Amma Anti tambaya, ina shan maganin hawan jini shekara uku kuma akwai wani garin saiwa da nake jiƙawa da safe, ban taɓa faɗa wa likitana ba, kwanan nan idan na miƙe tsaye jiri nake ji.

Anti Nas:
Yaushe ne ranar komawarka? Idan da nisa kar ka jira ta, ka je cikin satin nan a auna jinin kana zaune a sake aunawa kana tsaye, ka tafi da garin a cikin abin da aka ba ka shi da kwalin maganin hawan jinin duka biyun. Kafin nan idan za ka tashi daga kwance ka fara zama a bakin gado tukuna.

Baban Yara:
To shikenan, jibi in sha Allah zan je.